Hanyar Kaduna da Cikin Wata Takwas

Cikina na wata takwas ma'aikaciyar asibitin garinmu ta dudduba ni, ta sake dubawa. Sannan ta ce ɗan a gicciye yake kwance, kuma ba ta ga alamar zai juya ba. Ta tuna mini yadda haihuwata ta fari ta zo da gardama har na rasa jaririn. Ta ce kada in jira naƙuda a Birnin Gwari, in tafi Kaduna tun da wuri, in zauna kusa da babban asibiti inda za a iya yi mini aiki ko da wane lokaci abin ya taso.

Kaduna ba wani nisa gare ta ba, amma a shekarun nan hanyar ta zama abin da ta zama. Daji take ratsawa, mutanen daji kuwa suna tare motoci su kwashe fasinja. Ni ɗinki nake yi, shagona yana kusa da tasha, saboda haka duk wani labarin hanya ta ƙofata yake fara wucewa kafin ya shiga gari. Na san waɗanda aka ɗauka suka dawo a rame, na san waɗanda har yau ba a ji ɗuriyarsu ba.

Maigidana malamin firamare ne. Da na faɗa masa, ya ce shi zai raka ni. Na ce a'a. Mahaifiyarsa tana kwance a gidanmu, ƙafafu sun ƙi, shi ke ɗaga ta shi ke kwantar da ita. In muka shiga mota ɗaya wani abu ya same mu, wa za ta kira? Ya yi ta gardama, daga baya ya haƙura, don ya san gaskiya na faɗa.

Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. In na durƙusa zan yi addu'a, baki na motsi, zuciya kuwa tana can kan kwalta tana leƙen daji.

Ranar Talata na je taron zumuntar mata a majami'armu. Mu Kirista ba mu da yawa a garin, kowa ya san halin da kowa yake ciki. Aka yi waƙoƙi, aka buga tulu, aka sa ni a tsakiya aka yi mini addu'a. Da aka tashi, wata dattijuwa ta riƙe mini hannu a bakin ƙofa. 'Yar Gbagyi ce, daddawa take sayarwa a kasuwa, dukanmu Mama muke ce mata. Shekara biyu kafin nan an ɗauke ɗanta a wannan hanyar, magidanci mai 'ya'ya uku, ya tafi sayo kayan gyaran babur. Ba a taɓa ko kiran waya a kansa ba.

Ta ce, "'Yata, yaushe za mu tafi?"

Na ce, "Mu, Mama? Ni da wa?"

"Ni da ke mana. Mai ciki ba ta tafiya ita kaɗai. Wa zai dafa miki ruwan wanka in kin sauka?"

Na ce ba zan iya ɗora mata wannan hanyar ba, ita da hanyar ta ci wa ɗa. Ta ce ai ba ni na ɗora mata ba, ita ta ɗauka. Ta ƙara da cewa in tanadi goro, don ita ba ta shiga mota ba goro.

Mun tashi ranar Alhamis da hantsi. A lokacin motoci sukan taru su yi jerin gwano, jami'an tsaro su shiga gaba. Direbanmu maƙwabcinmu ne, Musulmi, mutum mai sanyin hali, matarsa ni nake yi mata ɗinkin salla. Ya ba ni gidan gaba ni kaɗai, ya ƙi ɗaukar mutum na biyu a wurin. Mama ta zauna a bayana daidai, da ƙullin kayanta a cinya, warin daddawa ya cika motar har wani fasinja ya yi ta tsokanarta. Maigidana ya tsaya a bakin taga, da mota ta fara motsi ya ce, "Ubangiji ya kai ku lafiya."

Da muka bar gari hira ta mutu. Daminar ta yi kyau, ciyawa ta fi mutum tsawo, gonakin da aka daina nomawa sun koma daji. Muka wuce wani ƙauye, rufin ɗakuna ya rufta, ba ko akuya. Na juya na ce a hankali, "Mama, ke ba kya jin tsoro?"

Ta ce, "Ina ji mana. Dutse ce ni?"

Ta ɓare goro ta jefa a baki, ta matso kusa da kunnena.

"Da aka tafi da shi, kullum roƙona ɗaya ne: Ubangiji, gaya mini ko yana raye ko ya mutu. Na yi azumi, na yi kuka, bai gaya mini ba. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida, sai abin ya faɗo mini a rai. In yana raye, a hannun Yesu yake. In ya mutu, a hannun Yesu yake. Ba wani lungu a dajin nan da za a kai shi wanda Yesu bai san wurin ba. Ni ce ban sani ba. Daga ranar na koma cin tuwo."

Na dai riƙe maganar ina juya ta.

Ba mu kai Udawa ba tayarmu ta baya ta fashe. Direba ya ja mota gefe yana salati. Motocin da ke bayanmu suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsaya, kuma ban ga laifinsu ba. Can muka daina jin ƙararsu. Mu shida muka rage a tsakiyar daji, ba abin da ake ji sai kukan tsuntsaye.

Maza suka kama wa direba canjin taya. Ya ce in fito in rage wa jak nauyi. Mama ta shimfiɗa mini zanenta a gindin wata ɗorawa, ta zauna kusa da ni, ta ɗora tafin hannunta a kan cikina. Ba doguwar addu'a ta yi ba. Ta ce, "Uba, ga mu nan inda ka gan mu. Mu naka ne, da mu da na cikin nan. Cikin sunan Yesu." Na ce amin.

Sai muka ji ƙarar babura daga cikin daji.

Biyu ne, kowanne da goyon mutum, sun naɗe fuskokinsu da rawani. Suka fito daga wata 'yar hanya suka hau kwalta, suka rage gudu daidai inda muke. Direba ya miƙe da sifana a hannu ya yi musu sallama. Ɗayansu ya amsa. Ya dubi motar, ya dubi mazan, ya dube ni da cikina a gaba. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana dubana ba.

Abin da na sani shi ne abin da ya faru a cikina ni. Tsoron bai tafi ba. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu a kwance lumui, kamar ruwan rijiya. Na ji a raina cewa in an bar mu, Ubangiji na tare da mu, in an shiga da mu dajin, tare da shi za mu shiga. Ban taɓa jin irin wannan salama ba, ko a cikin majami'a ranar Kirsimeti.

Mutumin ya taka giya, suka tsallaka titi suka shige dajin ɗaya gefen. Har yau ban san ko su wane ne ba. Wani fasinja ya ce 'yan sa-kai ne, wani ya rantse mutanen daji ne. Direba ya ɗaure tayarsa, muka shiga mota. Sai da muka ga rumfunan Buruku ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Mama, addu'arki da tawa duk sun yi aiki yau." Ta ce, "To sai ka rage mini kuɗin mota." Motar duka ta kwashe da dariya, ni kuwa ina dariya hawaye na zuba.

Mun sauka gidan ƙanwar mahaifiyata. Kwana goma sha shida muka yi muna jira, ɗan bai juya ba, aka yi mini aiki aka ciro 'ya mace, lafiyayya, mai ƙarfin murya. Mama ce ta fara karɓarta. Ita ta yi mini wankan jego, ita ta dama mini kunun kanwa, ta yi ta faɗa da ni a kan ba na ci da yawa. Sana'arta ta tsaya cak kusan wata biyu saboda ni, ba ta taɓa ko ambata ba. Da muka dawo gida, maƙwabtanmu Musulmi da Kirista suka cika tsakar gida da barka, surukata ta sa aka ɗora mata jaririyar a ƙirji tana kwance, ta yi ta yi mata waƙa.

Yarinyar yanzu ta shiga aji biyu. Hanya takan yi sauƙi, takan kuma rikice. Mutane da yawa sun bar garin, mu ma an sha ce mana mu tashi, kuma ban san ko wata rana za mu tashi ɗin ba. Maigidana ya koma noma 'yar gonarmu ta bakin gari, kowace shekara yana shuka bai san ko shi zai girbe ba. Da safe mukan haɗu mu uku, ni da shi da yarinyar, mu yi addu'a, mu gode wa Ubangiji don kwanan da ya ba mu, kowa ya kama gabansa.

Ɗan Mama bai dawo ba, labarinsa ma bai zo ba. Ita ke riƙe da 'ya'yansa. Idonta ya fara rauni, ba ta iya zuwa kasuwa kullum, saboda haka na ajiye tiren daddawarta a bakin shagona, masu zuwa karɓar ɗinki suna saya. Ranar Asabar takan zo da sandarta ta zauna a kan bencina, ta ce kekena ya cika surutu, ta yi gyangyaɗinta har la'asar.