Na Dawo da Goyon da Ba Nawa Ba

Wayyo Yesu, mata, na fita da yarinya ɗaya, na dawo Lokuwa da biyu!

Yau zumuntar mata mun tsallaka Kamaru, wajen matan gudun hijira da muke dafa wa abinci. Ina rabon kunu sai wata siririya mai jaririya a hannu ta taɓa ni. Ta ce, "Maman Joy, goya min ita, zan zaga." 'Yata Joy tana hannun shugabarmu Mama Rifkatu, sai na juya wa siririyar bayana. Da kanta ta ɗaura zanin, ta ja shi tam.

Kunu ya ƙare, ba ta dawo ba! Mun duba bayi, mun duba bakin mayo, wato rafin da ke wurin. Wata tsohuwa ta ce, "Ai ta hau mashin tun ɗazu. Kullum kuka zo tana kallon yadda kike ba 'yarki nono."

Na fashe da kuka. Mama Rifkatu ta ce, "Tafi da ita, 'yata, ba mai shayarwa a nan."

Da na iso gida, Baban Joy ya ƙi min magana. Nonona ko Joy ba ya isa. Ga su suna ta ihu, ban ma san sunan da zan rarrashi baƙuwar da shi ba.