Sunan da Na Kasa Ƙarasawa

Ranar Talata ce, damina ta yi nisa. Na tashi ƙarfe biyar da rabi, bayan kiran sallar asuba na masallacin unguwarmu, wanda shi ne agogona shekara tara. Rahila, matata, ta dama koko. Na sha a tsaye, ta yi mini faɗan da ta saba, wai mai bishara ba ya shan koko kamar ɗan kamasho a tasha. Ƙarfe bakwai ta ɗauki tsintsiya ta nufi majami'a. Ni kuma na saɓa fartanya na tafi gonar geronmu da ke bayan majami'ar.

Sunana Bulus, kuma ina da i'ina tun ina yaro. Harafin "ba" ne babban abokin gabana. Ga shi da shi sunana ya fara, da shi bishara ta fara. A makarantar Baibul wani malami ya ja ni gefe ya ba ni shawara in koyi kafinta. Da na ƙi, aka tura ni wani ƙauye tsakanin Daura da Mai'adua, inda ba wanda ya nemi zuwa. Mu goma sha ɗaya ne masu sujada. Rahila kan zauna a bencin gaba. In na sarƙe a kan kalma, sai ta faɗe ta a hankali, ni kuma in ɗauka in ci gaba. Na yi shekaru ina roƙon Allah Ya kwance mini harshe. Bai kwance ba. Na yi fushi da Shi, ba zan ɓoye ba.

Ko da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, mutanen garin ba su canja mana fuska ba. Maƙwabcinmu Malam Idi, mai fataucin dabbobi, yana aiko mana da naman layya, mu kuma mu aika masa da shinkafar Kirsimeti. Amma a makon nan rediyo ya yi ta kawo labarin faɗan addini a wani birni mai nisa. An ce an dawo da gawawwaki. Mun ji, mun yi addu'a, mun ɗauka ba zai iso mu ba.

Ƙarfe tara da kwata na ji ƙugin manyan motoci biyu. Ba ranar kasuwa ba ce. Sai na ji ihu, sai ƙarar ƙarfe a kan kwanon rufi. Na yar da fartanya na kutsa cikin gero, ya kai mini ƙirji. Na tsaya a bakin gona. Tsakanina da ƙofar bayan majami'a bai fi taku ɗari ba.

Rahila ta fito ta wannan ƙofa, tsintsiya a hannunta. Tana duban hagu, wajen gidanmu. Mutanen da motocin suka kawo suna tahowa ta dama, katanga ta kare mata su. Ni ina ganinsu. Baƙi ne, ban san fuska ko ɗaya ba. Kalma ɗaya ta isa. Na buɗe baki in kira ta. Haƙorana suka haɗu, wuyana ya kumbura, iska kawai ke fita. Na ɗaga hannu, ba ta waigo ba. Ta koma ciki ta rufe ƙofa.

"A kawo fetur!" in ji ɗaya daga cikin mutanen.

Na yunƙura zan fita, aka cafke ni ta baya aka kayar da ni. Malam Idi ne. Ya danne ni da gwiwa, ya toshe mini baki da tafin hannunsa. Bai san ba sai ya toshe ba.

"Kwanta!"

Na kwanta, kuncina a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ji warin fetur. Na ji kwano yana ƙara cikin wuta. Ban ji muryarta ba, ko sau ɗaya. Malam Idi ya ja ni ta cikin gero har inda ya ɓoye babur ɗinsa. Ya cire hularsa ya kifa mini.

"Hau!"

Ƙarfe goma da rabi muka iske an gindaya itace a hanya. Samari ne da adduna da gorori. Suka tare mu.

"Sauka! Kai, sunanka?"

Na riga na yanke shawara tun a kan babur. Zan faɗa musu, su yi abin da za su yi. Ba jarumta ba ce, so nake in bi ta. Na dubi mai tambayar ido cikin ido.

"Bu... bu... bu..."

"Buba ne, ƙanena," in ji Malam Idi. "I'ina gare shi. In kun biye masa nan za ku wuni."

Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya kwaikwaye ni, har yana karkace baki. Aka janye itacen.

"Ku wuce!"

Muka bar titi muka bi burtali, hanyar da shanu ke bi. Da azahar mun shiga Nijar. Ya sauke ni a gidan wani abokin cinikinsa, ya yi alwala ya yi salla, ya juya. Aka kawo mini fura na kasa sha. Kwana uku na yi a zauren gidan, ni kaɗai da tabarma. Mutanen kirki ne, ba su tambaye ni komai ba. Buba suke kirana, ina amsawa. Na yi ƙoƙarin addu'a, abin da ya fito bai wuce "Ka gani" ba.

Rana ta uku bayan la'asar Malam Idi ya dawo. Ya ajiye takalman robar Rahila a gabana. A bakin ƙofa ya same su, domin ba ta shiga majami'a da takalmi in za ta yi shara. Shi da dattawa biyu suka binne ta a gefen gonarmu. Ya ce bai san inda muke fuskantar da mamatanmu ba, sai ya kwantar da ita yadda ya sani, in yafe masa. Na riƙe hannunsa. Godiyar ma ta ƙi fita.

Harshen da ya kasa cetonta shi ya cece ni. Na juya maganar nan shekara da shekaru, ban gane ta ba, na kuma daina neman in gane. Ban bar aikin ba. Yanzu ina wani ƙauye wajen Mashi, mu bakwai ne. Ba ni da ƙarfin da zan yi taƙama da shi, dama can ban taɓa samu ba. Alherin Allah nake jingina da shi, don ba ni da wani abin jingina.

Daga cikin mu goma sha ɗaya, goma mun tsira, mun watse. Mutum ɗaya muka rasa. Kowace Lahadi nakan sarƙe a tsakiyar wa'azi, idona ya sauka a kan bencin gaba. Jama'a sukan sunkuyar da kai, suna zaton i'ina ce kawai. Rabinta i'ina ce. Sauran, jira nake Rahila ta faɗa mini kalmar.