Ƙwaya a Cikin Man Shanu

Shekarar da damina ta tsaga bangon ɗakin kakata a Ƙofar Guga, babanmu ya ce ba za ta ƙara ganin wani ruwan sama a ƙarƙashin wannan azara ba. Ya gyara mata ɗaki a gidanmu, can bayan gari. Kaka ta ce ta ji, amma ƙafarta ƙafar kyanwarta.

Kyanwar fara ce, da ɗigon toka a goshi kamar an dangwala mata yatsa. Ban taɓa ganin matsoraciya irinta ba. Tsawa, ƙarar babur, ko murfin tukunya ya faɗi, sai ta shige bayan randa tana kyarma, ta yini ba ta ci komai ba. Baba ya gwada dabarar da kowa ya sani, ya sa ta a buhu. Ta yage buhun, ta yagi hannunsa, ta haye katanga. Kwana biyu ba a gan ta ba, kwana biyu Kaka ba ta taɓa tuwo ba.

"Inna, kyanwa ce fa," in ji Baba. "Bangon nan ba zai jira ta ba."

"To ni zan jira ta."

Da kyanwar ta dawo, wata maƙwabciya ta kawo mana maganin barcinta, wai a ba ta rabi. Zuciyata ba ta kwanta ba, sai na tafi wurin likitar dabbobi, wata mata 'yar Filato da ta daɗe a Katsina, wadda yawancin aikinta raguna ne da kaji. Ta ce kada mu kuskura, maganin mutum yana iya kashe kyanwa. Washegari ta zo da ma'auni. Da yake kyanwar ba ta yarda kowa ya taɓa ta, sai aka sa Kaka ta hau rungume da ita, sannan ta sake hawa ita kaɗai.

"Mama, saura kaɗan ta fi ki nauyi," in ji likita.

"Ai ita ke cin naman, ni romo."

Likita ta ba ni ƙwaya guda. Ta ce a ɓoye a abinci awa biyu kafin tafiya. Jikinta zai saki, tsoron ya kwanta. Ta ce kuma kada a wanke buzun sallar Kaka, a tafi da shi yadda yake, da ƙamshinsa.

Ranar tashi aka wayi gari da hadari a gabas. Na kawo man shanu a murfin kwano, na miƙa wa Kaka tare da ƙwayar, don kyanwar ba ta ci sai a hannunta. Kaka ta dubi ƙwayar, ta ajiye.

"Shekara tara tana ci a hannuna, ko sansanawa ba ta yi. Yau kuma in ɓoye mata abu?"

"Kaka, mu ma ai kin ɗura mana magani muna yara."

"Ku, na toshe muku hanci kuna kallona. Ban ɓoye ba, 'yar boko."

Baba yana zaure yana leƙen sama. Ni kuwa na zauna a dokin ƙofa ina kallon tsagar bangon, wadda ta yi rassa kamar bishiya.

Can sai Kaka ta kira kyanwar ta ɗora a cinya. Ta nuna mata ƙwayar a tafin hannu, ta yi mata bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa amarya nasiha: ɗakin ya tsufa, za a shiga mota, motar tana da ƙara, wannan abin zai rage mata fargaba, kuma tare za su tafi. Sannan ta murƙushe ƙwayar cikin man a gaban idonta. Kyanwar ta sansana, ta ɗaga kai ta dubi Kaka, ta daɗe. Sai ta lashe.

A mota tana cikin kwando, idonta rabi a buɗe, kanta na lilo duk inda muka karya kwana. Ko kuka ba ta yi ba. Hannun Kaka ne ya ƙanƙame murfin kwandon. Na ɗora nawa a kai har muka isa, ba ta janye ba.

A sabon ɗaki muka shimfiɗa buzun. Da maganin ya sake ta, kyanwar ta shige ƙarƙashin gado, Kaka kuma ta hana a kwance ko ƙunshi ɗaya na kayanta. Haka suka zauna, su biyu, kamar baƙin da ke jiran mota.

Rana ta uku da hantsi na shigo da koko, na tarar da kyanwar a tsakiyar buzun tana lasar man shanu a yatsan Kaka, ba ta ko sansana ba. Kaka ba ta ɗago ba.

"Ke 'yar boko, ajiye kokon nan," ta ce. "Zo ki kwance mini kwanukana."