Ganuwar Kawu Tana Jiran Masu Awo

Shekarar da na kama aiki biron furojen shinkafa na Malanbil, wato ofishin shirin bunƙasa noman shinkafa na garin, ni aka ɗora kan jadawali. Manhajar kwamfuta ce: kowane aiki sanda ce kwance, sai ka ja kibiya daga wannan zuwa waccan, ma'ana wancan ba ya somawa sai wannan ya ƙare. Idan sanda guda ta makara, duk na bayanta su zame gaba tare. Da fari har burge ni take, wallahi.

Kawuna yana noman shinkafa bakin gulbi, ƙauyen Madekali. Kowace shekara kafin ruwa ya taso, shi da maƙwabtansa suna gayya su ɗaga ganuwar laka da ke tare masu gona. Shekarar nan sai furoje ya ce shi zai yi ta da katafila. A jadawali katafila tana jiran taswira, taswira tana jiran masu awon ƙasa daga Kotonu. Shef, shugaban bironmu, ya aika a hana gayya, wai in aka taɓa ganuwa awo ya ɓaci.

Masu awo sunka ɗaga zuwansu, na tura sandarsu. Sunka sake, na sake turawa. Kibiyoyin nan ba musu, ba kunya, sai su jawo komai su bi.

Kawu ya hawo kabu-kabu har biro. Ya ce, "Ɗana, gulbi ya fara ja, ruwa na tafe. Gaya mini ranar zuwan katafila."

Na juya allon kwamfuta kada ya gani.

Da ya fita na roƙi shef in yanke kibiyar nan guda, a bar mutane su yi gayyarsu. Ya ce manya na Kotonu suna kallon jadawalin nan kowace safiya, wa zai amsa tambaya? Haba! Raina ya ɓaci, amma na koma kujerata na zauna. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar nan ba.

Ruwa ya ci ganuwar, ya malale gonakin da shinkafa a ciki. Ba wanda ya tsira da ko dami.

Bayan haka masu awo sunka iso da kayansu sababbi ful, aka ce in raka su. Babbansu ya gaida Kawu, ya tambayi inda za su soma. Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, je ka aro masu kwalekwale."