Tukunyar Sahura da Zanen Inna Ma'u

Kafin majo, wato shugaban likitar ƙauye, ya buɗe ƙofa, Sahura ta riga ta yi shara, ta jawo ruwa, ta hura wuta ƙarƙashin tsohuwar tukunyarta. Aikin da aka ɗauke ta shara ne da wanki a wata 'yar likita, wato ƙaramin asibiti, ta karkarar Dogon Kiriya. Amma duk uwar da susar ɗanta ta hana ta sakat, gun Sahura take fara tsayawa. Ƙurajen zafi, makero, ƙazwa, babu wanda bai bi ta hannunta ba.

Magani na majo ne, bin gida na Sahura. Ƙazwa ba ta zama a jiki ɗaya, don haka sai kowa a gidan ya shafa magani rana guda, a tafasa tufafi, a shanya tabarmi. Ta faɗi wannan har bakinta ya gaji. A ce mata to, a shafa wa yaro shi kaɗai, 'yan cirani su dawo gab da damina a koma gidan jiya. Wani lokaci ita kanta takan ce aikin baban giwa take yi. Kashegari kuma ka gan ta gindin murhu.

Mutanen unguwa ba su manta da Luƙman ba, jaririn Karima. An yi masa magani ya warke, ƙazwa ta dawo, aka sake, ta sake dawowa. Ƙurajen suka fara ruwa, jikinsa ya ɗauki zafi, ya daina kama nono. Majo ya ce in miki ya ci gaba da ci, abin zai fi ƙarfin likitarsu. Sahura ta bi Karima gida, ta tafasa komai, sai ta lura da zanen da ke bayanta, saƙi ne baƙi wuluk.

"Wanga hwa?"

Karima ta sunkuyar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zanen surukarta ne, Inna Ma'u. Da shi aka goyi mijinta da 'yan uwansa duka, kuma a gidan nan ba a goyon jariri da wani zane, ba a kuma sa masa ruwan zafi don kada baban rininsa ya zube.

Sahura ta durƙusa gaban tsohuwa. "Inna, ko a aje shi mako guda a rana, a goya shi da wani?"

"Jikana ba ya hawa zanen aro."

"To a tahwasa shi, yau ɗin nan ya bushe ya koma bayanta."

"Zanen da uwata ta ba ni? Shi ya goyi ubanai, mi ya same shi?"

Sahura ba ta yi gardama ba, ƙarfin gardamar ma ya ƙare mata. Ta kwance yaron ta ɗora a cinyar kakarsa, ta buɗe mata tafin ƙafarsa, duk miki. Ta koma gindin murhu tana ƙara kara, ruwa na tafasa ba komai a ciki. Yaron ko kukan kirki ba ya iyawa. Rana ta karkata kafin Inna Ma'u ta miƙe, ta jefa zanen cikin tukunyar da hannunta. Ruwan ya rine, tsohuwa ta juya baya tana share ido.

Ke ce wannan, Sahura, mai haƙurin jiran tukunya. Ke ce kika kwashi ƙazwar 'ya'yan mutane a yatsunki sau ba adadi, kika je gida kika shafa magani ba wanda ya ji. Yanzu bayanki ya ƙi, hayaƙi ya cinye miki ido, kin ajiye aiki, kuma har yau ba a sami mai gadon murhun ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

Ranar da kika yi sallama da aiki, Inna Ma'u ta zo, Luƙman na gudu a gabanta. Ta miƙa miki zanen, ya koɗe fes.

"Riƙe, ɗiyata. Baba ya tahi, yaro ya zamna."

Mun gode, Sahura, Allah ya huta gajiya. Mu kuwa da muka rage, kowane gida akwai tukunya. Kada mu jira sai kin dawo kin hura mana wutar.