Ƙofar Baya ta Malamar Shawara

Da asuba Malamar Shawara take zuwa, kafin in gama share baranda. Abin da take fara yi shi ne zare sakatar ƙaramar ƙofar da ta haɗa ofishinta da ɗakin da nake ajiye tsintsiya da bokiti. Ta gaba kuwa ko ta buɗe, ba mai shiga. Ɗaliban kwalejin sun sa wa wurin suna ɗakin masu taɓin hankali, kuma duk wanda aka gani a bakinsa sai ya sha tsiya a aji. Shi ya sa suke biyowa ta wajena, wai sun zo aron tsintsiya. Ɗalibin da bai taɓa share gaban gadonsa ba.

Ni ban ga aikin da take yi ba. Ina goge daɓe har bayana ya ƙage, ita tana zaune ƙarƙashin fanka tana gyaɗa kai. Amma ita ake gaisarwa da ladabi, ni a tsallake bokitina.

Duk wannan da sauƙi, sai ranar da na ga Autata ta fito ta ƙofar nan, idanu jajir. Da gumina na kai ta aji biyu a kwalejin. A gida in na tambaye ta abin da ke hana ta barci da cin abinci, sai ta ce karatu ne. Ashe bakin yana buɗewa, ba dai a gabana ba.

Na shiga ofishin ko sallama ban yi ba, na ce ta faɗa mini abin da yarinyar ta ce. Ta ba ni kujera, na ƙi zama.

"Yaya, maganarta ce, ba tawa ba," in ji ta.

"Ke kika haife ta?"

Ta ce a'a, ta tsaya nan. Na fita ina huci. Kwana da kwanaki ban taɓa ƙurar teburinta ba, ita kuma ba ta kai ƙarata ba, da gefen mayafinta take gogewa.

Wata safiya Auta ta zo kamar kullum. Ba su daɗe ba sai Malama ta fito da kujera, ta ajiye kusa da bokitina, ta ce an kira ta taro, ko Auta za ta jira a nan. Yarinyar ta zauna tana murza yatsu. Can ta ce, "Inna, tsoro nake ji kada ki ce na haukace." Na ajiye tsumman hannuna na zauna a ƙasa. Har yau yana ci mini rai cewa sai da wata ta kawo mini 'yata.

Da na leƙa ta taga, babu wani taro. Malama tana tsaye bakin famfo cikin rana, tana ta wanke kofin da ba shi da datti.