Ranar da Goshina Ya Koma Ƙasa

Da yunwa na girma. Dako na yi a kasuwar Ƙofar Ruwa, ƙarfe a ka, ciki ba komai. Da Allah ya buɗa mini na samu rumfa, sai na hau ci. Tuwo malmala kan malmala, shayi mai kauri kamar kunu, tsire, lemon kwalba. Tumbi ya fito, aka fara ce mini Alhaji tun ban je Makka ba. Na ji daɗi.

Gwiwa ce ta ƙi. Na koma salla a kan kujerar roba a gefen sahu, tare da tsofaffi. Goshina ya daina taɓa ƙasa. Wannan ya fi yunwar baya ci mini rai.

Likita ta ce kada in sha maganin rage ƙiba na kan titi. In rage tuwo, in ƙara ganye, in bar zaƙi, in riƙa tafiya kullum, a hankali. Na ce tafiya? Ai da ita na fara neman abinci.

Na ajiye babur, na fara takawa daga Dukawuya zuwa rumfa. Ashe a garin nan ba a barin mai rumfa ya taka. Ban yi nisa ba maƙwabcina mai sayar da fenti ya ci birki.

"Alhaji, hau in rage maka hanya."

"Motsa jiki nake."

"Haba Alhaji! Ba kunya tsakaninmu. In mai ne ya gagara, faɗa mini."

"Tumbi ne ya gagara. Wuce."

Bai wuce ba. Ya yi ta bi na yana roƙo har mutane suka fara kallo, dole na hau. Washegari wani ne. Sai na koma bin lungu. Ƙato da ni, in na ji ƙarar babur ɗin da na sani sai in laɓe a zauren mutane, ina haki, ina dariya ni kaɗai.

Riga ta fara yi mini yawa. Unguwa ta gama magana: Alhaji ya karye. Wata tsohuwa ta aiko da tuwo, man shanu na yawo a kan miya, wai in yi haƙuri da duniya. Matata ta cinye tana tsokanata, ni na ci kwaɗon zogalena.

Wata La'asar na shiga masallaci, na tarar wani ya riga ni kujerar. Na shiga sahu haka nan. Liman ya tafi sujada, na bi shi. Gwiwa ta yi ƙara, amma ta kai ni. Sanyin tabarma a goshina! Dariya ta ƙwace mini, mai ƙarfi, har na kusa da ni ya zabura.

Bayan sallama liman ya juyo.

"Alhaji, dariya tana ɓata salla. Sai ka sake."

"Allah gafarta Malam, ko sau nawa ne."

Na miƙe na yi kabbara, ina cije leɓe kada dariya ta sake ƙwace mini.